A Duba Ta Kafin A Zarge Ta: Kira Kan Ƙululun Gidan Ƙwai

Jama'a, iyaye mata da magidanta, malamai da masu unguwanni, ku ba ni aron hankalinku. Akwai wata lalura da ke zaune cikin gidajenmu, a marar matanmu da 'ya'yanmu da ƙannenmu, wadda mafi yawanta ba ta kisa, sai dai irin tarbar da muke yi mata ce ke kai mutum kabari. Ƙululu ne da ke fitowa a gidan ƙwan mace ko a gefensa, wanda likitoci ke kira sist, wata 'yar jaka da ke cika da ruwa ko jini ko maiƙo. Mace ta ce mararta na ciwo, a ce sanyi ne. Cikinta ya tasa, in matar aure ce a ce ciki ne ya kwanta, in budurwa ce a fara yi mata kallon tuhuma. Ta faɗi da tsakar dare tana amai tana murƙususu, a ce iska ce, a kunna turare. Kowa da tasa fassarar, amma da wuya ka ji wanda ya ce a tashi a je a duba. Wannan zato nake kira mu taru mu yaƙa, domin na'urar da ke haska mara cikin 'yan mintoci, wato sikanin, ko ekogarafi a bakin 'yan'uwanmu na Nijar, yau tana nan a kowane babban gari.

Mu fara da sanin yadda Allah ya tsara halittar. Kowace mace gidan ƙwai biyu gare ta, ɗaya a damar mahaifa ɗaya a hagu, kowanne tsawonsa bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba, kuma kusa da kowanne akwai bututun da ƙwai ke bi ya isa mahaifa. Duk wata, daga balaga har zuwa yankewar al'ada, wata 'yar jakar ruwa kan girma a ɗaya daga cikinsu da ƙwai a ciki. In ta kai wajen santimita 2 sai ta fashe ta sake shi. Ashe ke nan yin jakar ruwa aikin gidan ƙwai ne na yau da kullum. Wani watan jakar kan ƙi fashewa, ta yi ta tara ruwa. Wani watan ta fashe ta saki ƙwan, amma bakinta ya rufe, ruwa ko jini ya taru a ciki. Waɗannan biyun su ne mafi yawan ƙululun da ake gani a jikin matan da ke al'ada, kuma galibinsu kan baje da kansu cikin wata biyu zuwa uku, ba allura ba wuƙa. Mata da yawa sun yi shi sun rabu da shi ba su taɓa sani ba. Mai ƙaramin ciki ma akan ga irinsa, domin jakar da ta saki ƙwan ita ce ke riƙe cikin da sinadarinta a makonnin farko, kuma yawanci kafin wata huɗu ya ɓace.

Saboda haka, 'yar'uwa, in an yi miki sikanin aka ce an ga sist, kada gabanki ya faɗi. Tambayi likita: santimita nawa ne? Ruwa ne zalla a ciki, ko akwai tsoka? Gefe ɗaya ne ko duka biyun? Yaushe zan dawo a sake dubawa? A ƙa'idar kwalejin likitocin mata ta Birtaniya, macen da ba ta daina al'ada ba, in ƙululunta na ruwa ne zalla, bai kai santimita 5 ba, kuma ba ya damunta, ba ya buƙatar komai. In tsakanin 5 da 7 ne a riƙa bibiyarsa da hoto. In ya haura 7 ne ake zurfafa bincike ko a yi maganar aiki. Ki riƙe wannan da kyau, don a nan ne masu tallar magani da lasifika a kasuwa, da takwarorinsu na Facebook da TikTok, suke cin kasuwarsu. Su sayar miki da jarka a kan kuɗi mai tsoka, su ce ki sha wata uku ki koma hoto. Ki koma, ƙululu ya tafi, ki yi ta shi musu albarka, alhali ko ruwan randa kika sha da ya tafi. Wadda kuwa nata ba mai tafiya ba ne, ta yi asarar wata uku, ya ƙara girma, wani sa'in ƙodarta da hantarta sun jigata da abin da ba a san mene ne a cikinsa ba.

Cikin waɗanda ba sa tafiya akwai guda da nake son kowa ya ji labarinsa, don ya raba zumunci ya kashe aure ba da haƙƙinsa ba. Likitoci na kiransa damoyid. In an yi aiki an ciro shi aka tsaga, sai a tarar da dunƙulen gashi, da maiƙo mai kauri, da fata, wani lokaci har da haƙori ko ɗan ƙashi. Ka tsaya ka ƙiyasta abin da ke faruwa a farfajiyar asibiti sa'ad da aka nuna wa dangi wannan. Kafin mara lafiya ta farfaɗo an riga an yanke hukunci: sammu ne, kishiya ce ta tura, uwar miji ce, maƙwabciyar nan ce da suka yi cacar baki bara. Wallahi ba kowa ba ne ya tura. Ƙwayoyin halittar da ke cikin gidan ƙwai, da yake daga irinsu ake gina mutum sukutum, Allah ya ba su ikon rikiɗa su zama kowane sashe na jiki. In ɗaya ta kauce hanya ta fara girma ita kaɗai, sai ta yi ta ƙera fata da gashi da haƙori a cikin jaka, a hankali, shekara da shekaru. Ba ɗa ba ne da ya mutu a ciki. Yarinyar da ba ta san namiji ba tana yin sa, matan Sin da na Masar da na Faransa duk suna yin sa. Ya fi yawa a 'yan mata da mata masu ƙuruciya, a wajen mace ɗaya cikin goma yakan kama gefe biyu, kuma da ƙyar ɗaya ko biyu cikin ɗari ke juyewa ciwon daji, su ma yawanci a jikin manyan mata. Babu saiwa ko rubutu ko hayaƙin da ke narkar da haƙori. Maganinsa a ciro shi. Duk wanda ya ɗora wa wata baiwar Allah laifin wannan gashi, ya sani ƙazafi ya yi, kuma zai amsa tambaya.

Akwai kuma wanda ke tsirowa daga fatar da ta lulluɓe gidan ƙwai, ya cika da ruwa tsararo ko mai yauƙi. Mai yauƙin nan ba ya jin tsayawa. Yakan girma har ya cika ciki, ya danne mafitsara mace ta yi ta zaryar fitsari, ya danne hanji bayan gida ya yi wuya, ya tokare ƙirji numfashi ya gagara, duk wanda ya gan ta ya rantse cikin wata tara ne. A nan ne ake zaluntar 'ya'yanmu. Yarinya tana makaranta cikinta ya fara tasowa, ta rantse ta maya ba ta san komai ba, a rufe ta da duka, a cire ta daga aji, a kulle ta a ɗaki don kada unguwa ta gani. Ita ma don tsoro sai ta riƙa ɗaure cikin da zane, ta lulluɓe da zumbulelen hijabi, har abin ya fi ƙarfinta. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to ina ga wanda ya zama ƙarya a kan 'yar da ka haifa? Tsinken gwajin ciki yana nan a kowane kemis, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sikanin kuma ga budurwa ta saman ciki ake yin sa, babu abin da zai taɓa budurcinta, kuma da sauti yake aiki, ba ya cutar da ita, ba ya cutar da mai juna biyu. Haka matar auren da ta shekara biyu ana ce mata cikinta kwanciya ya yi, tana shan maganin tayar da shi. Sau da yawa in an haska, ƙarin mahaifa ake gani ko ƙululun gidan ƙwai, babu ɗa babu alamarsa.

Wannan ruɗani ba a kanmu aka fara ba. A watan Disamba na 1809, a jihar Kentaki ta Amurka, aka kira wani likita mai suna Ephraim McDowell ya taimaki wata mata, Jane Todd Crawford, wadda kowa ya ɗauka cikin tagwaye ne da ita ya wuce lokacinsa. Da ya duba ya ce mata ba ciki ba ne, ƙari ne a gidan ƙwai. Matar nan ta hau doki ta yi tafiyar kusan kilomita 100 zuwa garin Danville, ranar 25 ga wata ya yi mata aiki ido biyu, don a lokacin ba su da maganin sa barci, ya ciro abu mai nauyin kusan kilo 10. Ta tashi, ta ƙara shekara 32 a duniya. Bayan kusan shekara 150, a Gilasgo ta Sikotilan, Farfesa Ian Donald yana gwajin sabuwar na'urar haska ciki da sauti, sai aka kawo wata mata da aka riga aka sallama, aka ce ciwon dajin tumbi ne ya ci ƙarfinta. Na'urar ta nuna ƙatuwar jakar ruwa ce a gidan ƙwai. Aka ciro, ta warke, a 1958 ya wallafa sakamakon aikinsa a mujallar The Lancet. Jikar waccan na'ura ce yau ke kan tebur a Fagge da Sabon Garin Zariya da Maraɗi. Matar Kentaki ta sha wuƙa ido biyu don ta rayu. Mu da aka sauƙaƙa mana komai, wane uzuri ya rage mana?

Ga wani nau'in da ke ɓuya a bayan kalmar "haƙuri". Yarinya in za ta yi al'ada sai ta kwana uku tana birgima, ba makaranta ba girki, a ce mata haka mata suke, in ta yi aure ta haihu zai daina. Ta yi auren, kwanciyar aure ta zama azaba, haihuwa ta ƙi zuwa. Sau da yawa endometiriyosis ne, wato irin shimfiɗar cikin mahaifa ce ke tsirowa a wajen mahaifa. In ta kama gidan ƙwai, duk wata sai ta zubar da jini a inda ba shi da mafita, ya taru ya tsufa ya yi kauri ya yi duhu, ya zama ƙululu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa na da wannan cuta, wato wajen mata miliyan 190. Ciwon al'adar da ke kwantar da mutum duk wata ba gadon mata ba ne, a kai ta ga likita.

Endometiriyosis daban yake da abin da ake kira PCOS, inda hoto kan nuna ƙananan jakunkuna jere a gefen gidan ƙwai. Waɗannan ƙwayaye ne da suka fara girma suka tsaya saboda rikicewar sinadaran jiki, shi ya sa al'ada ke tsallake watanni, gashi ya fito a haɓa, ƙuraje su feso, ƙiba ta zo, haihuwa ta yi jinkiri, daga baya ma ciwon suga na iya biyo baya. Ba a yanke su da wuƙa. Rage ƙiba, motsa jiki, da magungunan da likita zai tsara su ne hanya, kuma da yawa suna haihuwa. Amma ina roƙon matan da gorin rashin haihuwa ya ishe su: ku daina sayen Clomid a kemis bisa shawarar ƙawa. Magani ne mai tilasta wa gidan ƙwai aiki, shan sa barkatai na haifar da ƙululu, wani lokaci gidajen ƙwan su kumbura ruwa ya taru a ciki har a kwanta asibiti. Ku kuma dangin miji masu gorin, ku ji tsoron Allah, ku ne ke tura su.

Sai batun sanyi, sunan da muke laƙaba wa kowane ciwon mara. Na gaskiyar ƙwayoyin cuta ne irin su gonoriya da kilamidiya da ake ɗauka ta saduwa, ko waɗanda ke shiga bayan haihuwa ko ɓari a wuri marar tsabta. In suka haura sama sukan toshe bututun ƙwai ya kumbura da ruwa, ko su tara mugunya tsakanin bututun da gidan ƙwai, da zazzaɓi mai zafi da fitar ruwa mai wari. Wannan shi ne ƙululun da maganin kashe ƙwayoyin cuta ke yi wa aiki, cikakke, yadda likita ya rubuta, ba kafso biyu yau biyu jibi ba, wani lokaci ma sai an zuƙe mugunyar. Kuma maigida, in an ba matarka magani aka ce kai ma ka zo, ka zo, ka kawo abokiyar zamanta in akwai. In ba haka ba ciwon zai yi ta zagaye a gidanka, bututun da ya toshe kuwa shi ne rashin haihuwar da gobe za ka ɗora mata laifinsa.

Yanzu ga wurin da nake son a ɗaga murya. Gidan ƙwai a rataye yake da jijiyoyin da ke kai masa jini. In ƙululu ya yi masa nauyi, musamman in ya haura santimita 5, yana iya juyawa ya murɗe jijiyoyin, kamar yadda duma in ya yi nauyi ya juya yake murɗe yaɗon da ke shayar da shi. Jini ya yanke, gidan ƙwai ya fara mutuwa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani da ke zuwa farat ɗaya a gefe guda na mara, da tashin zuciya da amai, wani lokaci ya lafa ya dawo. Yana kama matar aure, yana kama mai ciki, yana kama yarinya 'yar firamare. In a dama ne akan ɗauka afendiks ne. A nan sa'o'i ake ƙirgawa, ba kwanaki ba. In an isa da wuri likita zai warware murɗin, ya cire ƙululun, gidan ƙwai ya farfaɗo. In an kwana biyu ana jiƙe-jiƙe da allurar kashe zafi a gida, sai a tarar ya yi baƙi, dole a yanke shi. Ƙululu kuma yana iya fashewa. Ƙaramar fashewa takan lafa da maganin ciwo, amma in jijiya ta tsage jini zai yi ta zuba a cikin ciki ba wanda ke gani: jiri, gumi mai sanyi, tafin hannu da cikin ido su yi fari, ciwo ya harba kafaɗa, sai suma. Irin waɗannan alamu ne kuma cikin da ya zauna a bututu maimakon mahaifa ke bayarwa in ya fashe, don haka duk macen da ta yi ɓatan wata ta ji ciwo a gefe guda, ko da ɗigon jini ko babu, a yi asibiti da ita a daren.

Magidanta, da ku nake. Mata nawa ne suka kwana suna fama a ɗaki, mota na ƙofar gida, maƙwabta na tsaye, amma ba mai ikon ɗaukarta saboda maigida yana Legas ko Kwatano kuma wayarsa ba ta shiga? Addinin da ya hore mu da neman magani bai ce a bar rai ya salwanta ana jiran waya ta shiga ba. Malamai kuma sun daɗe da bayyana cewa in babu likita mace, lalura ta halatta namiji ya duba. Kishin da zai sa ka gwammace gawar matarka a kan likita ya taɓa ta ba kishi ba ne, zalunci ne. In kuma aka ce ana buƙatar jini, kai ne na farko da ya kamata ya naɗe hannun riga. Ku ma uwargida da amarya da surukai, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda kika ga tana dafe mara tana cije leɓe kada ki ce raki ne.

Sai iyayenmu da suka manyanta, waɗanda suka fi kowa iya shiru. Bayan al'ada ta yanke gidan ƙwai ya yi ritaya, ba ya sake yin jakar wata-wata. Don haka ƙululun da aka gani a wannan shekaru, ko da yake da yawansa ba mugu ba ne, ba a yi masa sakaci, domin a nan ne ciwon dajin gidan ƙwai ya fi yawa. A ƙididdigar cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, a 2022 mata fiye da 320,000 ne suka kamu da shi, kusan 207,000 suka rasu. Abin da ya sa yake kisa haka shi ne sanɗa. Alamominsa irin waɗanda ake rainawa ne: kumburin ciki da ba ya sacewa, ƙoshi da an ci loma kaɗan, ciwon mara ko na ciki, yawan fitsari, rama alhali ciki na girma. Sai Hajiya ta ce olsa ce, ta ce basir ne, ta yi ta shan kanwa da jiƙo wata da watanni. A ƙasashen da ke da kayan aiki, in an kama shi bai fita daga gidan ƙwai ba, wajen tara cikin goma kan haura shekara biyar. In ya bazu, wajen uku ne kacal. Gwajin bakin mahaifa ba ya gano shi. Gwajin jinin da ake kira CA-125 yana taimaka wa likita, amma shi kaɗai ba hujja ba ne, don ƙarin mahaifa da endometiriyosis da juna biyu da tarin fuka na ciki duk suna ɗaga shi. Abin da ke hannunmu shi ne lura. In mahaifiyarka ko gwaggonka ta haura hamsin, waɗannan alamu suka zauna mata kusan kullum har mako biyu ko uku, ko ta ga jini bayan ta daɗe da dainawa, kai ta da kanka, kada ka aika mata kuɗin magani. In kuma a danginku an taɓa yin ciwon dajin nono ko na gidan ƙwai, a faɗa wa likita, domin wani yana bin jini.

In aiki ya zama dole, kada a ji tsoro. Akan yi shi ne in ƙululu ya yi girma, ko ya ƙi tafiya, ko yana ciwo, ko hoto ya nuna tsoka a cikinsa. Wani ta 'yan ƙananan huji ake yi da kyamara, mace ta koma gida cikin kwana ɗaya ko biyu, wani kuma sai an buɗe ciki in ƙato ne ko ana zargin daji. Ga mai sauran haihuwa, abin da ake so shi ne a ɓare ƙululun a bar mata gidan ƙwanta. Ko an cire guda, ɗayan ya isa ta yi al'ada ta haihu, maza da mata. Mai ciki ma ana yi mata in ya kama, an fi so a watanni ukun tsakiya. Zuƙe ruwan da allura kawai ba ya wadatarwa, yakan sake taruwa. Ƙwayoyin tazarar haihuwa kuwa ba sa narkar da wanda ya riga ya fito, amma suna hana sabo fitowa ga wadda yake yawan dawo mata.

Likitoci da masu asibitocin kuɗi, ku ma akwai naku. Ba kowane ƙululu ake kai wa wuƙa ba, kun fi kowa sani. Wanda ya ga jakar ruwa ta santimita 4 a jikin 'yar shekara ashirin ya tsorata iyayenta da maganar daji don a biya kuɗin tiyata, ya ci amana. Wanda ya kwashe wa mace gidajen ƙwai biyu ba da dalili ba, ya jefa ta yankewar al'ada tun da ƙuruciya, da raunin ƙashi da haɗarin ciwon zuciya, ya kuma rufe mata ƙofar haihuwa. Mai riƙe na'urar sikanin ba tare da horo ba, yana rubuta abin da bai gani ba, ya ajiye ta ya je ya koya. Duk abin da aka ciro daga cikin mace a aika shi ɗakin gwajin tsoka, kada a miƙa wa dangi a roba su je su binne, don gwajin nan kaɗai ke tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba. Dangi, ku nemi wannan sakamako, haƙƙinku ne. In abin ba na gaggawa ba ne kuma hankalinku bai kwanta ba, ku nemi ganin ƙwararren likitan mata. Suna nan a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri, da asibitin haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai.

Amma matar da ke ƙauye mai nisan sa'a huɗu daga waɗannan fa? A nan hukuma za ta amsa. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. A 2022 Najeriya ta kafa dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Muna son ganin waɗannan a ƙasa: na'urar sikanin mai aiki da wanda ya iya ta a kowane babban asibitin ƙaramar hukuma, ɗakin tiyata da ke buɗe da dare da wutar da ba ta ɗaukewa, ma'ajiyar jini, da hanyar aika tsoka gwaji ba tare da talaka ya sayar da akuyarsa ba. Ku tambayi kansila da ɗan majalisarku wannan in sun zo neman ƙuri'a. Mu kuma da ke ƙorafin ƙarancin likitoci mata, mu bar 'ya'yanmu mata su gama karatu, don ba daga sama za su faɗo ba.

Ranar 8 ga Mayu ce duniya ta keɓe don faɗakarwa kan ciwon dajin gidan ƙwai, amma kada mu jira ta. Liman ya taɓo zancen a huɗubar wannan Juma'a. Malamar Islamiyya ta ba shi darasi guda cur a ajin matan aure. Gidajen rediyon da ke sayar wa masu jarka fili su ba likitan mata ko da rabin sa'a a mako. Uwa ta zaunar da 'yarta ta tambaye ta yadda al'adarta take zuwa, ta kuma saurari amsar. Kai kuma maigida da za ka yi tafiya gobe, kafin ka sa ƙafa a mota tara iyalinka da maƙwabcin da ka amince da shi, ka faɗa da bakinka cewa duk wadda ciwo ya kama a kai ta asibiti ba sai an neme ka ba, ka ajiye kuɗin mota da na kati a inda kowa ya sani.